Hakkin Mai Rumfar Kusa

Aikina koyar da Turanci ne, kuma yawancin ɗalibaina na yamma 'yan kasuwa ne: masu sayar da waya a Farm Centre, yaran shago daga Kantin Kwari, da wasu 'yan mata masu sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp. Ba son nahawu ne ke kawo su ba. So suke su iya rubuta wa mai kamfani a Guangzhou ko Dubai saƙo ba tare da neman tafinta ba, su kuma gane abin da ake faɗi a bidiyoyin koyar da kasuwanci da suke kallo dare da rana. Darasin da ya fi yi musu rana shi ne na kalmomin da ba sa rabuwa da juna. Kowane harshe yana da irinsu. Bahaushe yana shan iska, yana cin kasuwa, yana yanke hukunci; wanda ya ce zai fita cin iska, nan take an san baƙo ne. Wani masanin harshe ɗan Ingila, J. R. Firth, ya yi suna a shekarun 1950 da ra'ayin cewa ta abokan tafiyarta ake gane halin kalma.

To, akwai wata kalma da abokan tafiyarta suka daɗe suna damuna. Ita ce "competitor", wato wanda ke sayar da irin abin da kake sayarwa, kuna neman mai saye ɗaya. In Bature zai siffanta shi, sai ya ce mai zafi ne, mai haɗari, marar tausayi. In zai faɗi abin da ake yi da shi, sai ya ce ana doke shi, ana karya masa farashi, ana murƙushe shi, ana haɗiye shi, ana fatattakarsa daga kasuwa. Ita kanta gasar, in ta yi tsanani, sunanta "cut-throat", mai yanka maƙogwaro. Kamfanoni biyu suka shiga rage kuɗin kaya, sai a ce yaƙin farashi ya ɓarke. Masu saye kuwa yanki ne da ake kai wa hari, a kame, a tsare kada abokan gaba su ƙwace.

Wannan salon magana ba daga sama ya faɗo ba. A 1986 wasu masana talla biyu a Amurka, Al Ries da Jack Trout, sun fitar da littafi mai suna Marketing Warfare, suka ɗauko dabarun Clausewitz, janar ɗin Jamus da ya yaƙi Napoleon, suka shimfiɗa su a kan sayar da lemon kwalba da kwamfuta. Tsohon littafin yaƙi na Sun Tzu, mutumin Sin, yau a sashen kasuwanci ake jera shi a kantunan littattafai da yawa. Tun a 1980 kuwa George Lakoff da Mark Johnson suka nuna cewa misalan da baki ya saba da su suna juya yadda mutum ke aikatawa: wanda ya saba kiran muhawara yaƙi, da niyyar kayar da wani yake shigarta, ba da niyyar fahimta ba.

Ina koyar da kalmomin nan yadda suke, domin amana ce. Yaron da zai karanta takardar ciniki dole ya san su. Amma duk lokacin da na ji aji yana maimaita "a murƙushe shi" da murya ɗaya, sai gabana ya faɗi, don wanda za a murƙushe ɗin, a wurin yawancinsu, mutum ne da suke tsayawa sahu ɗaya da shi a sallar Azahar, wanda ya halarci sunan ɗansu, wanda in rasuwa ta same su shi ne zai fara rufe shago. Tambayar da nake ta juyawa ita ce: mutum zai iya neman ya fi maƙwabcinsa ciniki ba tare da ya zama maƙiyinsa ba? In zai iya, a ina iyakar take?

Kada a ɗauka ina kai ƙarar Turanci ne. Harshen yana da wasu abokan tafiyar na daban: yana maganar gasa ta adalci, gasa mai lafiya, fili ɗaya ga kowa, da abokin karawa da ya cancanci girmamawa. Mu ma ba mu da bakin zargin kowa. A kasuwanninmu ana cewa wane ya kashe wa wane kasuwa, ya karya shi, ya janye masa mutane. Akwai masu zuwa wurin boka a binne musu laya a ƙofar shagon maƙwabci, kuma ba a littafin Bature suka koyo hakan ba. Cutar ta girmi harsunan duka biyu. Hesiod, mawaƙin Girka da ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, ya riga ya lura cewa maginin tukunya da maginin tukunya yake fushi, ya kuma raba jayayya gida biyu: wadda ke haifar da yaƙi, da wadda ke tayar da malalaci ya kama aiki don ya ga gonar maƙwabci ta yi kyau. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya zo da irin wannan lura a cikin Ihya'u Ulumiddin, inda yake bayani a kan hassada. Ya nuna cewa ta fi yawa tsakanin waɗanda buƙata ɗaya ta haɗa: malami malami yake yi wa, ɗan kasuwa ɗan kasuwa, baduku kuwa ba ruwansa da mai sayar da yadi, ɗan'uwansa baduku yake kallo. Sa'an nan ya ja layin da nake ganin shi ne ginshiƙin wannan magana baki ɗaya. Son ka samu irin abin da wani ya samu halal ne. Son abin ya gushe daga hannunsa, ko da ba zai dawo naka ba, shi ne hassada.

Mahaifina yadi ya sayar a Kwari, kuma a rumfarsa na fara ganin yadda ake zama da mai irin sana'arka. Kasuwar Hausa dai tun asali jera masu kaya iri ɗaya take yi wuri guda. A Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, dukawa suna gefensu, 'yan hula suna nasu. Haka Dawanau da hatsi, haka Ƙofar Ruwa da ƙarafa. Ɗan kasuwa ba ya gudun masu irin kayansa, nemansu yake yi, domin ya san mai saye inda kaya suka taru yake nufa. Rumfar da ke manne da tamu ta wani dattijo ce mai sayar da shadda irin tamu sak. Mace za ta zo ta juya duk abin da muke da shi, ta ce ita mai ruwan toka take so. Mahaifina ba zai ce babu ba. Sai ya gyara mata benci, ya ce, "Hajiya, zauna, yanzu za a kawo." Ya juyo gare ni a hankali: "Ruga wurin Alhaji ka karɓo mai ruwan toka, yadi goma." In ciniki ya faɗa, da yamma a kai wa dattijon kuɗin kayansa, mu riƙe ɗan abin da ya hau. Gobe shi ma yaronsa zai leƙo namu. In lokacin salla ya yi, ɗaya ya tafi masallaci ɗaya ya tsare rumfa biyu, kuma na sha ganin mahaifina yana sayar da kayan dattijon, ya ƙulle kuɗin a leda daban, ya tura ƙarƙashin tabarmarsa.

Duk da haka su biyun gasa suke yi, gasa ta gaske. Babu wanda ke gaya wa ɗan'uwansa inda ya saro sabon zane, ko nawa ya saro shi. In dattijon ya kawo wani launi ya karɓu, mahaifina ba ya barci sai ya gano hanyarsa. Kowa yana ƙoƙarin ya fi sakin fuska, ya fi haƙuri da mai tayi, ya fi ɗaga wa amintaccen mai saye ƙafa a kan bashi. Abu ɗaya ne ban taɓa gani ba: mai saye yana tsaye a rumfar ɗaya ana ciniki, ɗayan ya yafito shi. Wannan abin kunya ne da yaro ma ba ya yi.

Sai da na zauna gaban malam a zaure muna karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani na gane cewa wannan kunyar tana da asali a fiƙihu. Hadisi ya tabbata a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, an kuma hana yin tayi a kan tayinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Imam Malik ya fassara hanin. Bai ce da zarar wani ya taya kaya kowa ya ja da baya ba. A wurinsa hanin yana farawa ne lokacin da mai kaya ya karkata ga mai saye, suka shiga maganar yadda za a biya da sharuɗɗan ƙarshe. Kafin nan ƙofa a buɗe take, kowa ya taya, domin in aka hana mutane ƙari tun a tayin farko, za a riƙa karɓe kayan bayin Allah a wulaƙance. Dubi yadda hukunci ɗaya ya kare abu biyu. Ya kare gasa, don mai kaya ya samu kuɗin da ya dace. Ya kuma kare alkawarin da ya fara ƙulluwa tsakanin mutum biyu, kada na uku ya zo ya tsinka shi.

Wata ɗalibata mai sayar da atamfa ta kawo mini irin wannan mas'ala cikin sabuwar riga. Wata mai irin sana'arta ta sa hoton kaya a Instagram, mata suna tambayar kuɗi a ƙarƙashin hoton, wata ma ta rubuta cewa a ajiye mata guda biyu za ta turo kuɗi da yamma. Ɗalibar ta ce, "Malam, in na bi ta ta akwatin saƙo na ce ina da irinsa da ragin dubu ɗaya, na yi laifi? Ai ba ta biya ba tukuna." Na ce mata ni ba mai fatawa ba ne, amma ma'aunin Malik a fili yake. Ki sa naki hoton, ki rubuta naki farashin, ki rage yadda kike so, duniya ta gani. Wadda ke yawon tambaya kina da damar ki jawo ta. Amma wadda ta riga ta ce a ajiye mata, ta karkata, kuma bin ta ta bayan gida shi ne ainihin abin da aka hana. Waya ba ta canza hukuncin ba, ta dai ɗauke idon jama'a da a da yake hana mutum yafito mai saye daga rumfar maƙwabci.

Sauran hane-hanen kasuwa ma in ka jera su, za ka ga ba gasa suke yaƙa ba, masu lalata ta suke yaƙa. An hana najashi, wato mutum ya riƙa ƙara kuɗi a kan kaya ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaske. An hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su san farashi. An hana ɓoye abinci a jira ya yi tsada. Da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Annabi ya ƙayyade farashi, bai yi ba; ya mayar da al'amarin ga Allah, ya nuna yana gudun ya zalunci wani a dukiyarsa. Addinin da ya tsaya haka ba ya ƙin a yi rige-rigen jawo mai saye.

Wanda kuma ya rayu a Najeriya farkon zuwan wayar salula ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan amfanin gasa. A 2001, da MTN da Econet suka fara, layi kaɗai dubban nairori ne, kira kuwa naira 50 minti ɗaya, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Da Glo ya shigo a 2003 yana lissafi da daƙiƙa, ba a daɗe ba sauran suka bi sahu. Babu wa'azin da ya jawo wannan sauƙi. Tsoron kada mutane su koma wani wuri ne ya jawo shi.

Shi ya sa ba na yarda da masu cewa maganin abin shi ne 'yan kasuwa su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya a kowane hali. Zumuncin masu sana'a ɗaya yana da nasa zunubin. Adam Smith ya yi gargaɗi tun a 1776 cewa da wuya su taru, ko don hira ce, ba su ƙare da ƙulla yadda za su tsauwala wa jama'a ba. Manoman koko na Gold Coast, Ghana ta yau, sun ɗanɗana hakan a 1937, lokacin da manyan kamfanonin Turawa masu sayen koko, ciki har da UAC da Cadbury, suka daina takara da juna suka haɗa kai kan yadda za su saya. Manoma suka ƙi sayarwa, suka kuma ƙaurace wa kayan kantunan Turawa har zuwa Afrilun 1938, sai da gwamnatin Ingila ta turo kwamitin bincike, shi kuma ya soki yarjejeniyar. Mu ma mun san yadda sukari da gero ke tashi lokaci guda a kowace rumfa ana gobe azumi. Najeriya ta samu cikakkiyar dokar kare gasa da masu saye ne a 2019, amma tun kafin doka, duk ɗan kasuwar da ya zauna a taron da aka yanke cewa kada kowa ya sayar ƙasa da kaza ya san akwai wanda ba a gayyata ba, kuma daga aljihunsa za a biya.

Wurin da abin ya fi wuya a ganina shi ne karya farashi. Malik ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya wuce Haɗib ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwar Madina, ya umarce shi ko dai ya ƙara kuɗin ko ya tashi daga kasuwar. A wata ruwayar da ta zo ta hanyar Imam Shafi'i, an ce Umar ya koma gida ya yi wa kansa hisabi, sa'an nan ya taka har gidan Haɗib ya gaya masa cewa abin da ya faɗa ba hukunci ba ne, alheri kawai ya nufa wa mutanen gari, ya sayar yadda ya ga dama. Malamai sun yi ta saɓani a kan wannan ƙissa, ni kuwa abin da nake gani a cikinta shi ne nauyin tambayar. Mutum kamar Umar ya yanke, ya sake tunani, ya koma. Araha rahama ce ga talaka mai saye. Amma akwai arahar da tarko ce: mai babban jari ya sayar a faɗuwa wata shida, ya jira ƙananan rumfuna su mutu, sa'an nan ya sa kuɗin da ya ga dama. A ranar farko waɗannan biyun kamarsu ɗaya, kuma babu sarkin kasuwar da zai iya bambance su da ido. Mai yin ne kaɗai ya san wanne yake yi.

Amurka ta ga wannan a jikin mutum guda. John D. Rockefeller ya kafa Standard Oil a 1870. A 1872, cikin 'yan makonni, ya saye 22 daga cikin matatun mai 26 da ke takara da shi a birnin Cleveland. Yana samun ragi a asirce daga kamfanonin jirgin ƙasa, abin da ƙananan masu matatu ba sa samu, kuma wanda ya ƙi sayar masa ya san abin da ke jiransa. Kafin a jima kusan kashi 90 cikin 100 na tace mai a ƙasar yana hannunsa. Kananzir ya yi araha a zamaninsa, wannan gaskiya ne. Mutumin kuma mai ibada ne a addininsa, yana koyarwa a majami'a ranar Lahadi, ya ba da dukiya mai ɗimbin yawa ga ilimi da lafiya, da kuɗinsa aka kafa Jami'ar Chicago. Duk da haka ƙasarsa ta yi dokar Sherman a 1890, kuma a 1911 Kotun Ƙoli ta farfasa kamfanin gida 34. Ba na kawo shi don in yanke masa hukuncin lahira; wannan ba nawa ba ne. Ina kawo shi ne don muna da irinsa a kowane gari, ƙanana da manya: attajirin da ke gina masallaci yana raba buhunan shinkafa da azumi, alhali a layinsa babu ƙaramin ɗan kasuwar da ya tsira. Sadaka tana da ladanta, amma malamanmu sun koya mana cewa hakkin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Buhun da aka raba a ƙofar gida bai isa ga mutumin da aka rufe wa shago da gangan ba.

A nan ne wasu ke kawo maganar rabo, su ce ai arziki na Allah ne, rabon kwaɗo ba ya hawa sama, wanda ya karye dama can haka aka rubuta masa. Na yi imani da rabo. Alƙur'ani ya tabbatar a Suratu Hud cewa arzikin kowane mai rai yana wuyan Ubangijinsa, ya kuma nuna a Suratuz Zukhruf cewa Shi ne ya raba abin rayuwa tsakanin mutane. Amma wannan magana tana da bakin da ta dace da shi. A bakin wanda ya yi iya ƙoƙarinsa kasuwa ta ƙi, magani ce, tana hana shi haukacewa, tana hana shi zuwa wurin boka. A bakin wanda ya kitsa faɗuwar wani, ƙarya ce aka yi wa ƙaddara. In da gaske na yarda cewa maƙwabcina ba zai ci ƙwayar da aka rubuta mini ba, to ba ni da sauran dalilin murƙushe shi. Mai neman ganin bayan kowa a layinsa, ko carbi nawa yake ja, aikinsa yana shaida cewa bai yarda akwai abin da zai ishe su su duka ba. Imani da rabo kuma bai taɓa nufin naɗe hannu ba. Abdurrahman ɗan Aufu ya iso Madina ba shi da komai, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya gode ya sa masa albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Kasuwar da ya shiga cike take da waɗanda suka riga shi, ya yi takara da su, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai.

Alƙur'ani da kansa yana kira zuwa ga rige-rige, a Baƙara da Muɗaffifina, amma rige-rige zuwa ga alheri. Umar ya ba da labarin ranar da aka nemi sadaka ya ce a ransa yau zai wuce Abubakar, ya kawo rabin dukiyarsa, sai ya tarar Abubakar ya kawo tasa duka. An rinjaye shi, kuma rinjayen ya ƙara masa ƙaunar wanda ya rinjaye shi ne. A gefe guda, ranar da Abu Ubaida ya dawo da dukiya daga Bahrain mutane suka cika masallaci da asuba, Annabi ya gaya musu ba talauci yake ji musu tsoro ba, sai dai a buɗe musu duniya su yi ta takara a kanta har ta hallaka su kamar yadda ta hallaka na gabansu. Zuciya ɗaya ce ke yin duka biyun. Abin da ke raba su shi ne yadda take ji game da ɗayan mutumin.

Ina da ma'aunin da nake auna kaina da shi, don mu ma masu koyarwa muna da masu buɗe aji a layinmu. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban rumfuna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Ka ɗauka kai mai irin kayan ne a wani gefen da wuta ba ta kai ba. Mako na zagayowa cinikinka ya ninka, don masu saye ba su da wurin zuwa sai wurinka. Kuɗin halal ne, babu wanda ka cuta. Amma me zuciyarka ta ce da ka ji labarin wutar? In wani sashe nata ya yi sanyi, in ka ji kana fatan gyaran rumfunan ya ɗan ja lokaci, to kalmomin yaƙin nan sun riga sun gama aikinsu a cikinka, ko ba ka jin Turanci ko kaɗan. In kuwa ka ɗauki kaya ka kai wa wanda ya ƙone, ka ce ya fara juyawa ya biya a hankali, kana sane da cewa gobe zai dawo ya raba masu saye da kai, to kai ne ka fahimci abin da Gazali yake nufi. Ana samun masu yin haka a kasuwanninmu bayan kowace gobara, ba a dai buga sunansu a jarida.

Saura wani ɓangare da ba mu cika son taɓawa ba. Hadisin hana ciniki a kan ciniki ya ambaci ɗan'uwa, sai wasu suka fahimci cewa kariyar ta Musulmi ce kaɗai. An ruwaito wannan ra'ayi daga Imam Auza'i, amma mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa babu bambanci, wanda ba Musulmi ba da ke zaune lafiya da mu shi ma ba a shiga cikin cinikinsa. Wannan yana da muhimmanci a ƙasa irin tamu, inda mai rumfar kusa sau da yawa Ibo ne a Sabon Gari, kai kuma kai ne baƙon a Mile 12 ta Legas ko a Onitsha. Hassadar sana'a in ta tsaya tsakanin mutum biyu, ɓarnarta kaɗan ce. In ta sa rigar ƙabila, aka fara cewa "su" sun mamaye mana kasuwa, "su" suna cinye mana arziki, to maganar fatattaka ta tashi daga misali ta zama aiki.

A watan Fabrairun 2021 wata 'yar sa'insa a kasuwar Shasha ta Ibadan ta rikiɗe ta zama faɗa tsakanin Hausawa da Yarabawa. An rasa rayuka, an ƙona rumfuna da gidaje, mutanen da suka shekara da shekaru suna sayar da tumatir da albasa kafaɗa da kafaɗa suka kwashe iyalansu. Ƙaramin faɗa ba ya cin kasuwa guda sai in an daɗe ana kallon juna a matsayin abokan gaba. Bayan haka ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki. A Legas kuɗin tumatir da nama ya yi tashin gwauron zabo, a Arewa kuma farashi ya faɗi warwas, kwandunan tumatir suka riƙa ruɓewa a hannun manoman da ba su taɓa taka Ibadan ba.